HANYAR JIRGIN DA TA KOMA HANYAR KEKE

A can kudu maso yammacin Ingila, cikin lardin da a ke kira Cornwall, akwai wani ɗan gari na masunta a bakin bahar, sunansa Padstow. Yana daidai inda wani kogi ya ke faɗawa cikin teku. Kogin nan Camel a ke ce da shi, wanda ya ji Turanci kuwa sai ya zaci raƙumi a ke nufi. A'a, babu raƙumi ko ɗaya a wurin. Sunan ya fito ne daga tsohon harshen mutanen ƙasar, ma'anarsa abu mai karkacewa, domin kogin ba ya tafiya sak. Abin da ya sa muka ɗauko zancen garin nan yau shi ne wata hanyar keke da ta tashi daga cikinsa ta bi gefen kogin har wajen mil 18, da kuma wata gardama da aka sha yi a kanta, wadda mu ke ganin ya kamata masu karatu su ji.

Da fari dai ba don keke aka yi hanyar ba, hanyar jirgin ƙasa ce. A cikin shekarar 1834 aka buɗe dogo tsakanin garin Wadebridge, wanda shi ma ya ke bakin kogin, da garin Bodmin da ke can ciki. Babban aikinsa a sa'an nan ɗaukar yashi ne. Yashin bakin kogin cike ya ke da garin ɓawon ƙananan halittun ruwa, manoma kuwa suna zuba shi a gona don ya kashe tsamin ƙasa. In jirgi ya kai yashi ciki, sai ya komo da duwatsun gini, daga baya kuma har da farar lakar da a ke yin tangaran da ita. Sai a 1899 dogo ya isa Padstow kanta, kifin garin ya riƙa tafiya London cikin tarago, masu zuwa hutu kuma suka riƙa zuwa daga can.

Da motoci suka yawaita sai ciniki ya ja baya. A 1963 wani mutum mai suna Dokta Beeching, wanda aka ba shugabancin reluwen ƙasar, ya fitar da rahoto cewa a rufe hanyoyi masu yawa da ba su biyan kuɗin kansu. Cikin watan Janairu na 1967 jirgin fasinja ya daina zuwa Padstow. Reshen da ke ɗauko farar laka daga Wenford Bridge shi ya ɗan daɗe, har 1983, kana shi ma ya tsaya.

To, a nan ne abin lura ya ke. A wurare da dama na Ingila, da aka ɗebe ƙarafan dogo sai aka yanyanka filin aka sayar, wannan ya haɗa da gonarsa, wancan ya kafa gida, wani ya yi rumfar mota. Hanyar da aka sha wuyar shekaru ana haƙawa ta watse, ba kuwa mai iya sake haɗa ta, domin in mutum ɗaya tak ya ƙi sayar da nasa yankin, shi ke nan tafiya ta yanke. A Cornwall hukumar lardi ba ta bari haka ta faru ga wannan ba. Ta riƙe filin, aka daddaɓe shi, aka ce ga hanya ta masu ƙafa da masu keke da masu doki, mota kuwa ba ta da rabo.

Duk wanda ya san keke ya san amfanin wannan. Jirgin ƙasa ba ya son hawa, saboda haka magina na dā suka sare tudu suka cike kwari, suka bar hanya shimfiɗe kamar tabarma, a ƙasar da kusan ko'ina hawa ne da gangara. Daga Padstow zuwa Wadebridge mil 5 da rabi ne. Ba a yi nisa da fita gari ba sai a hau wata tsohuwar gadar ƙarfe mai baki uku wadda ta ƙetare wani rafi, daga nan kuma ruwa na gefe ɗaya har a isa. In teku ta janye sai ka ga fili fetal na yashi da taɓo, ga zalɓe ga balbela suna kiwo. Bayan Wadebridge kogin ya ƙuntace, hanya ta shiga kurmi, wajen mil 6 zuwa Bodmin. Kafin a shiga garin, a wani wuri Dunmere, ta rabu biyu, ɗaya reshen ya yi arewa wajen mil 6 kuma zuwa Wenford Bridge, a gefen dajin tuddai na Bodmin. Yaron da jiya ya koyi taka feda, da tsohuwa, da mai keken guragu, duk suna iya bin ta. Wanda bai zo da kekensa ba akwai shagunan haya, har da ɗan amalanken da a ke ɗaura wa keke a baya a zaunar da jinjiri. Ba a biyan ko kwabo don shiga hanyar.

In ana so a san darajarta, sai a fita daga kanta. Yamma da Padstow akwai wuraren wanka na Trevone da Harlyn, da hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Trevose wadda aka kunna tun 1847, duka 'yan miloli kaɗan ne. Amma hanyoyin ƙauyen da ke kai mutum can ƙunci gare su, ganuwar dutse da ƙasa ta tsare su hagu da dama, ba ka ganin abin da ke tahowa a kwana, lokacin zafi kuwa motocin baƙi sun cika su. Ƙaƙƙarfan mahayi zai ji daɗinsu. Uba mai 'ya'ya uku a bayansa sai ya yi tunani sau biyu.

Gardamar da muka ambata ga yadda ta ke. Akwai wata ƙungiya ta masu son tsofaffin jirage masu tafiya da gawayi, suna gudanar da jirginsu daga Bodmin har zuwa wata mahaɗa da a ke kira Boscarne, dab da hanyar keken. An sha kawo shawarar a miƙa musu dogo daga nan zuwa Wadebridge, jirgi da keke su riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ba mu ce maganarsu ba ta da kai ba. Asalin wurin na jirgi ne, Wadebridge kuwa tun da aka rufe tasharta ba ta da jirgi, dogon nan kuma zai sada ta da babbar hanyar da ke zuwa London. Mun kuma yarda da ƙorafin da a kan yi, cewa da yawa daga masu hawan keken nan da mota su ke zuwa, su cika garuruwan da ita, kana su hau keke.

Duk da haka mu ba mu goyi bayan shawarar ba. Tsohon dogon layi ɗaya ne, filinsa a wurare da yawa kogi ne a gefe guda, tudu da itatuwa a ɗaya gefen. In za a sa jirgi, a sa shinge, a kuma bar wa keke da doki da mai ƙafa wuri, to, ko a sare kurmi a taɓa gaɓar kogi, ko kuwa a matse jama'a cikin ɗan lungu. Jirgin shaƙatawa yana da ranakunsa da tikitinsa. Hanyar keke kuwa kullum a buɗe ta ke, rani da hunturu, ga mai kuɗi da marar shi, ga baƙo da ɗan gari mai zuwa aiki. A nan a bar kaza cikin gashinta.

In akwai kuɗin da za a kashe, mun san inda ya fi bukatarsu. A Wadebridge hanyar ta yanke, dole mahayi ya ratsa titunan gari tare da motoci kafin ya sake samun ta a ɗaya ɓangaren, nan ne kuwa iyaye kan sauka su tura keke suna riƙe da hannun yara. Sai kuma 'yan milolin nan na yamma da Padstow, inda ɗan siririn fili a bayan shingen gona, in masu gonakin sun yarda an biya su, zai kai yaro bakin teku a Harlyn ba tare da ya haɗu da mota ba.