Littafin da Ba a Buga Ba

Jama'a, hutu ya ƙarato, kowa ya soma ɗaure akwati. Kafin mu watse muna da wata 'yar magana ga 'yan'uwanmu ɗalibai da malamanmu, ko Allah ya sa ta yi amfani.

Dukanmu da allo muka fara, sa'an nan aka kai mu boko. Tun ran da muka iya karanta littafi, sai muka ɗauka ilmi duk a takarda yake, abin da ba a buga ba kuwa hirar tsofaffi ce. In muka koma gida tsohuwa ta ɗauko labarin zamaninsu, sai mu yi hamma mu jawo littafi. Wannan kuskure ne, mun kuwa ɗanɗana kuɗarsa.

Kakarmu, Allah ya jiƙanta, ita kaɗai ta san garin da kakanninmu suka taso, da abin da ya tashe su, da sunayensu bi da bi har bakwai. Kowane hutu takan ce, "Zo nan, maigidana, zauna in gaya maka." Mu kuwa sai mu ce sai an jima. Bara muka koma, muka tarar har an yi sadakar arba'in. Da muka tambayi baffanninmu, kowa ya kawo suna uku ya tsaya, ukun ma ba su zo daidai ba. Abin da aka riƙe shekara da shekaru ya tafi dare ɗaya.

To, ku dubi abin da waɗansu suka yi. Tsakanin 1911 da 1913 wani Bature, Frank Edgar, ya buga littafi uku na tatsuniyoyi da labaru waɗanda malamai suka rubuta masa da ajami. A ƙarshen 1949 da farkon 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna gaban wata tsohuwa, Baba mutuniyar Karo, tana rubuta abin da ta faɗa game da harin bayi, da zuwan Turawa, da aure, da ƙawance. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954, ga shi har yau ana karanta shi. Ashe ba abin kunya ba ne baƙo ya ƙetaro teku don ya saurari tsohuwa, mu jikoki muna ƙyashin ba ta sa'a guda?

Haka kuma wasan kwaikwayo. Waɗansu suna tsammani makaranta ce ta kawo mana shi. Rubuta shi a takarda dai baƙon abu ne, amma wane ne cikinmu bai yi tashe ba in azumi ya kwana goma? Yaro ya manna gemun auduga, ya ranƙwafa bisa sanda, ya zama tsoho. Wani ya rataya layu da saiwoyi, ya zama mai magani. A fada kuma akwai wasan gauta, inda mata ke kwaikwayon sarki da hakimansa, a yi dariya, mai laifi ya gane kansa ba tare da an ambaci sunansa ba.

Wani zai ce tatsuniya ƙarya ce, tsofaffi kuma suna mantuwa. Gaskiya ne, ba mu kuwa ce a ajiye littafi ba. Amma gobe yara za a ba mu, kuma yaro ya san Gizo da Ƙoƙi tun bai san baƙi ba. Malamin da ya fara daga abin da yaro ya sani ya fi saurin kai shi ga abin da bai sani ba.

Saboda haka roƙonmu ke nan: kowa ya tafi da littafin rubutu guda. Ya zauna gaban tsohon gidansu ko tsohuwa da ladabi, ya rubuta yadda aka faɗa, kada ya gyara musu Hausa. Ya sa sunan garin da ranar da aka gaya masa. In mun dawo sai mu gwama, mu zaɓi ɗaya mu yi wasansa a gaban jama'a. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya kai mu gida lafiya, ya sa mu tarar da su, amin.