Tarihin Jiragen Yaƙi: Sheffield, daga Baro zuwa ƙasan teku

Jirgin ruwan yaƙin Ingila mai suna Sheffield shekara bakwai kacal ya yi yana aiki, amma har yau ana ambatonsa a makarantun sojan ruwa. An fara ƙera shi a 1970 a ma'aikatar Vickers da ke garin Baro, Sarauniya Elizabet ta biyu ta sa shi a ruwa a 1971, ya kama aiki a watan Fabrairu na 1975. Tsawonsa mita 125 ne. Shi ne na farko cikin jiragen da ake kira samfuri na 42, waɗanda aikinsu shi ne tsaron sauran jirage daga harin sama da makamai masu linzami na Sea Dart.

Wani abin mamaki ya faru tun yana hannun maƙera. Wata fashewa ta kashe ma'aikata biyu, ta lalata wani sashe na jikinsa. Sai aka ciro madadinsa daga wani jirgi irinsa, Hércules, wanda ma'aikatar ke ƙera wa ƙasar Arjantina. Ashe ita ce za ta nutsar da shi.

A farkon 1982 Sheffield yana kan hanyar gida bayan watanni na sintiri a Tekun Fasha, lokacin yaƙin Iran da Iraƙi. Ranar 2 ga Afrilu sojojin Arjantina suka mamaye tsibiran da Ingilishi ke kira Fokland, Faransawa kuma Maluwin. Matuƙan da iyalansu ke jira aka juya da su kudu, ƙarƙashin kyaftin Sam Salt.

Arjantina ta yi odar jiragen sama 14 na Super Étendard daga Faransa, amma biyar kaɗai suka iso, tare da makaman Exocet biyar, kafin gwamnatin Mitterrand ta tsayar da cinikin. Biyar ɗin nan sun isa su hana rundunar Ingila barci.

Ranar 4 ga Mayu, kwana biyu bayan Ingila ta nutsar da jirgin General Belgrano da mutum 323, jirage biyu suka taso daga Riyo Girande, suna tafiya dab da ruwa don kada rada ta gan su. Jirgin Glasgow ya ji alamarsu, ya yi gargaɗi. Sheffield kuwa a daidai lokacin yana aika saƙo ta tauraron ɗan Adam, kuma na'urar saƙon takan toshe kunnen na'urar da ke jin radar abokan gaba. Rahoton bincike, wanda ba a saki cikakkensa ba sai 2017, ya nuna cewa hafsan da ke kula da harin sama ba ya ɗakin aiki sa'ilin. Ba a harba ko makami ɗaya ba, ba a gargaɗi matuƙa ba. Ba a kuma gurfanar da kowa gaban kotun soja ba, shirun da ke da wuyar karewa ga rundunar da ke tinƙaho da ladabtarwa.

Makamin ya shiga ta gefen dama, sama da bakin ruwa, ya fasa babban bututun kashe gobara. Jirgi yana tsakiyar teku, ga wuta, babu ruwan kashe ta. Baƙin hayaƙi ya cika ɗakuna, mutum 20 suka mutu. An daɗe ana cewa wai jikinsa na sanholo ne shi ya sa ya ci wuta. Ba haka ba ne, na ƙarfe ne. Bayan ƴan awoyi kyaftin ya ba da umurnin a bar jirgin, jirgin Arrow ya kwashe akasarin mutanen.

Gawar jirgin ta yi kwana shida tana yawo bisa ruwa. Jirgin Yarmouth ya ɗaura mata igiya yana ja, sai teku ta yi fushi, ruwa ya riƙa shiga ta ramin da makamin ya huda. Ta nutse ranar 10 ga Mayu 1982, jirgin yaƙin Ingila na farko da abokan gaba suka halaka tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu.