Ɗarin wata biyu ne, in ji masu bargo biyu

Talatar da ta wuce, kafin kiran assalatu, ƴar gwaggona ta kira ni tana kuka. Wai ta shiga ɗakin tsohuwa ta tashe ta, ta kasa tashi, jikanta da ke kwana a bayanta ma ya yi laƙwas. Na hau moto na tafi. Da na shiga, ga kasko a tsakar ɗaki, garwashi bai gama mutuwa ba. An toshe taga da buhu, an cusa tsumma ƙarƙashin ƙofa, har ƴar kafar da ke tsakanin bango da kwano an liƙe ta da kwali. Muka fito da su waje, muka kai su likita. Allah ya sa da sauran shan ruwa.

Da ta farfaɗo na ce, “Gwaggo, ba an sha hana kwana da gawayi a ɗaki ba?” Ta dube ni ta ce, “Ɗan nan, to da me zan ɗumama yaron?”

Na yi shekaru a jami'a, wallahi ban da amsar da zan ba ta.

A ƙasar nan ba a ɗauki ɗari a bakin komai ba. In ka yi maganarsa sai a yi maka dariya, a ce kai, je ka ga Rasha, je ka ga Kanada, mu nan sanyin wata biyu ne. Gaskiya ne ƙanƙara ba ta zuba a Maraɗi. A Disamba da Janairu awon zafi yakan sauka zuwa 13 ko 14 da asuba a Maraɗi da Damagaram, wasu ranaku ƙasa da 10, da rana kuma ya koma kusan 30. Ga wanda ke da silin a ɗaki, da katifa, da bargo biyu, wannan lokacin daɗin barci ne. Shi ne kuma yake cewa wata biyu ne. Ku tambayi wadda ke kwana kan tabarma bisa siminti, da zane ɗaya, da jariri, ƙarƙashin kwano tsirara, iskar hunturu na shigowa ta kowace kafa. Ku tambayi almajirin da ke kwana a bakin shago ya cusa gwiwoyinsa cikin riga.

Abin da ya fi ba ni haushi, kaskon Gwaggo ba ya ma ɗumama ɗakin. Yana ɗumama wanda ke kusa da shi na ɗan lokaci, zafin ya hau sama, ya tarar da falle ɗaya na ƙarfe wanda bai kai kaurin farce ba, ya fice. Dare ne na sarari, babu gajimare, kwano na zubar da zafi zuwa sama tun daga magariba. Bangon kuma bulo ne mai rami a ciki, siririn abu, ba ya riƙe komai. Kamar mai zuba ruwa a kwando. Shi ya sa take ƙara gawayi, shi ya sa take toshe ko'ina, kuma toshewar nan ita ce ajali.

Ga yadda abin yake, don Allah ku karanta wa iyayenku. Gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta isa, yana fitar da wata guba da ake kira monoksid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi, wanda muke cewa “ya nuna, a shiga da shi”, yana ci gaba da fitar da ita. Tana kama jini fiye da yadda oksijen ke kama shi sau ɗari biyu da wani abu. Mutum ya fara jin ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, sai barci. Jarirai da tsofaffi da masu ciki su ne na farko. Da safe a ce an wayi gari da rasuwa, wasu su ce iska ce, wasu su ce maye ne, a yi addu'ar uku a watse. Wanda ya tsira daga gubar kuma ga gobara: zane ya faɗa kan garwashi, zana ta kama, iskar hunturu ta ƙarasa aikin. Mu ƴan Maraɗi mun san abin da wuta ke yi wa zana, Nuwamban 2021 ba ta goge daga zukatanmu ba, ranar da yara fiye da 20 suka ƙone a azuzuwan kara.

Yanzu tambayata: wa ya gina mana waɗannan ɗakunan?

Kakana a ƙauye soro gare shi, na tubali, rufin azara da ƙasa. Bangon ya fi kamu ɗaya kauri. Rana ta buge shi yini guda, ya sha zafin a hankali, da dare ya riƙa sako shi ciki. Lokacin bazara kuma ka shiga da azahar ka ji kamar randa. Bai taɓa jin sunan injiniya ba. Mu jikokinsa da muka je lakkwal muka ce ƙasa ta talaka ce, ƙauyanci ce, a kawo siminti da kwano. Sai muka samu ɗakin da ke gasa mu a Afrilu, ya daskarar da mu a Janairu, kuma muna biyan haya a kansa. Mai gidan da Gwaggo ke haya ya jera ɗakuna takwas, ba silin ko ɗaya, tagogin ƙarfe da ba sa rufuwa daidai. Wata bai taɓa mutuwa bai aiko karɓar kuɗinsa ba. Da aka yi masa maganar silin sai ya ce wanda bai iya ba ya tashi, akwai masu jira. Kuma gaskiya ya faɗa, akwai masu jira. Ba wanda zai zo daga ma'aikatar magajin gari ya duba ko ɗakin nan ya cancanci a kwantar da ɗan Adam a ciki. Harajin kasuwa dai ba a mantawa da shi.

Na san abin da za ku rubuto mini a ƙasa: ginin ƙasa faɗuwa yake da damina, ba ka ga 2020 ba, ba ka ga 2024 ba, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe. Na gani, kuma ba zan raina hawayen kowa ba. Amma ku je ku duba gidajen da suka faɗi. Nawa ne aka gina a kan hanyar ruwa saboda nan ne kawai talaka ya samu fili? Nawa ne ba su da tushe na dutse, ba indararo, an shekara biyar ba a yi musu yaɓe ba? A garin da ba magudanar ruwa, bulon siminti mai ƙarancin siminti ma kwanciya yake. Hasumiyar masallacin Agadas, mita 27 ta ƙasa zalla, tana tsaye tun ƙarni na 16 saboda ana kula da ita. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya gina, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Tun shekarun 1980 ake koya wa magina a ƙasar nan ginin da ba ya buƙatar itace ko kwano, rufin tulluwa da baka na tubali kawai. Mariam Issoufou Kamara, ƴar ƙasar nan, ta gina gidaje na zamani a Yamai da bulon ƙasa da aka matse da inji, ta gina masallaci da ɗakin karatu a Dandaji. Turawa na zuwa ɗaukar hoto, mu muna wucewa mu sayi kwano. Ku faɗa mini sau nawa kuka ga gwamnati ta yi rukunin gidajen ma'aikata ko azuzuwa da wannan fasaha, ta yadda magina za su samu aiki, farashi ya sauko, mai ƙaramin ƙarfi ya daina jin kunyar ƙasa?

Ga kuma batun makamashi. Matatar SORAZ tana aiki tun 2011, ganga dubu 20 a rana aka gina ta ta tace, tana fitar da gaz. Kwal na Anu Araren ya fi shekara 40 yana ba mahaƙar uraniyom ta Arlit wuta. Duk da haka akasarin gidajenmu da itace da gawayi suke girki, da su suke dafa ruwan wanka. Kada wani ya fahimce ni a karkace, kunna gaz a rufaffen ɗaki don ɗumi shi ma hatsari ne. Abin da nake cewa, da tukunyar gaz ta isa hannun irin su Gwaggo, ta samu ba tare da yawon kartiye uku ba, da yaro ya yi wanka da ruwan ɗumi, ya sha kunu mai zafi ya kwanta, da kuɗin gawayi sun zama bargo. Manoman Maraɗi sun yi shekaru suna rainon gawo a gonakinsu har duniya ta yaba. Mu a birni muna cinye dajin da ya rage buhu-buhu, kuma ɗakin bai ɗumama ba.

Mu ma matasa kada mu wanke kanmu. Hunturu a wurinmu lokacin sa jaket ɗin bosho ne, a zagaye furno a fada, a sha shayi har ƙarfe ɗaya, a ɗauki hoto. Sau ɗaya a shekara a tara barguna hamsin, a jera almajirai, a ɗauki hoto kuma. Bargon yana da amfani, ban ce a daina ba. Amma hoton nan, don wa?

Kowace fada tana da maƙwabta. A zaga gida-gida a faɗa musu: in ya zama dole a shiga da kasko, a bar taga a buɗe, a fitar da shi kafin a kwanta, kuma duk wanda ya ji ciwon kai da jiri a fito da kowa waje nan take. A roƙi limamai su faɗi haka a huɗuba tun Nuwamba, gidajen rediyo su riƙa maimaitawa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, kamar yadda ake yi wa allurar rigakafi. A shimfiɗa kwali ko tabarma biyu ƙarƙashin shimfiɗar yara, a sa musu hula da safa. Silin na tabarmar kaba ƙarƙashin kwano aikin yini ɗaya ne ga samari huɗu, muddin an nesanta shi da wayar kuran da wuta. Sannan mu tafi wurin magajin gari da takarda a hannu, mu tambaye shi a wace doka aka yarda mutum ya ba da hayar ɗakin da ba silin, ba tagar kirki, kuma wa ke dubawa.

Jiya na kai wa Gwaggo barguna biyu da hular yaro, muka ɗaura tabarmi ƙarƙashin kwanon ni da abokaina. Mai gidan ya aiko yaronsa ya ce kada mu kuskura mu buga ƙusa a katakonsa, da igiya muka ɗaure. Kaskon na ajiye shi a bayan ƙofa, a waje. Da zan tafi ta bi shi da kallo, ta ce, “To, in dare ya raba fa?”