Manhajar yanayi ba ta san an cike kududdufan Kano ba

Duk watan Agusta masu waya a birnin Kano kan yi ƙorafi iri ɗaya: manhaja ta nuna yayyafi, sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya ya cika lungu. Wayar dai abin da aka ba ta take nunawa. Matsalar tana cikin bayanan da ake ciyar da ita.

Yawancin manhajojin nan suna ɗauko hasashensu daga manyan kwamfutocin Amurka da Turai. Tsarin GFS na Amurka yana yanka duniya gida-gida, kowane gida kusan kilomita 13, na ECMWF kuwa kusan 9. Duk cikin ganuwa, daga Dala zuwa Ƙofar Nassarawa, bai cika gida ɗaya ba. A idon kwamfutar, Kurmi da gonakin bayan gari kusan abu ɗaya ne.

Alhali ƙasar ta canza. Kududdufan da aka haƙa don ginin ƙasa su ne ke shanye ruwan sama tun kaka da kakanni. Da yawa an cike su da shara an ɗora shaguna. Siminti da kwalta da rufin kwano suna riƙe zafi, zafin kuma yana iya ƙara wa hadari ƙarfi a saman gari. Idan ruwan ya sauka ba inda zai nutse, sai ya kwarara Jakara a lokaci guda. 'Yan Kantin Kwari sun ga irin wannan a Agustan 2022, da ruwa ya lalata musu kaya.

NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, amma mai shago yana buƙatar sanin ko layinsu zai cika yau da daddare. Wannan sai da sabuwar taswira. Ya kamata KANGIS da KNUPDA su saki bayanan gine-gine da magudanan ruwa ga masu bincike da masu rubuta manhaja. Hotunan tauraron Sentinel-2 kyauta ne, amma daga sama ba a gane kwatar da leda ta toshe.

Nan aikin matasa yake. Duk mai waya zai iya shiga OpenStreetMap ya sa alamar kududdufin unguwarsu, da kwalbati, da inda ruwa ke kwanciya. Rani ne lokacin yin wannan aiki, tun hadari bai taso daga gabas ba.