Bashin da Uwar Ɓera Ke Biya da Jikinta

Duk manomin da ya buɗe rumbu ya tarar an yi masa ɓarna, ba abin da ke ba shi takaici kamar yawan haihuwar ɓera. Yana da gaskiya kuwa, gama yawancin ƙananan ɓeraye cikin mako 3 kacal suke goyon ciki, kuma kwana ɗaya bayan haihuwa macen tana iya ɗaukar wani. Watau kwanika ita ce al'adarta, ga 'ya'ya a nono, ga wasu a ciki. To, amma wannan yawan zuriya bashi ne, uwar ce kuma ke biya da jikinta.

Masana sun tabbatar shayarwa ta fi goyon ciki cin ƙarfinta. A lokacin nan abincinta yakan ninka, hanjinta da hantarta su ƙara girma don su iya da aikin, sinadarin kalsiyam kuma ya riƙa fita daga ƙasusuwanta yana shiga nono. Har zafin jiki ma yakan yi mata iyaka. A 2007, masana a Jami'ar Abadin ta Sukotlan suka aske gashin bayan ɓeraye masu shayarwa a ɗakin bincike. Da jikin ya sami sanyi, sai suka ƙara ci, nono ya ƙaru, 'ya'yan suka fi nauyi.

Wancan a ɗaki ne, inda abinci ba ya yankewa. A daji fa? A ƙasar Finlan akwai wani ɗan ɓeran kurmi mai jan baya. Shekara 3 masana suna bin matansa a wurare 8, suna ƙara wa wasu 'ya'ya a sheƙa, suna rage wa wasu. Sakamakon da suka bayyana a 2003 abin lura ne ƙwarai. Iyayen da aka ƙara wa kaya ba su yaye 'ya'ya fiye da sauran ba, waɗanda suka yaye ɗin ma suka fito ƙanana. Bugu da ƙari, mutuwa ta fi yawa cikin iyayen nan, waɗanda suka tsira kuwa haihuwarsu ta gaba ta ragu. An so riba, uwar kuɗi ta tafi.

Sai dai ba a taru aka zama ɗaya ba. A Zambiya akwai wani ɓera mai zama cikin ramuka a ƙarƙashin ƙasa, inda mace ɗaya da mijinta kaɗai ke haihuwa cikin gida guda. Sauran dangi su ne masu haƙa, da kawo abinci, da reno. A 2006, masana a Jamus da suka daɗe suna kiwon irinsa suka ba da labarin cewa masu haihuwar suna yin kusan ninki biyu na kwanan waɗanda ba su haihuwa. Ga dabbobi biyu, dangi ɗaya: wadda ke fama ita kaɗai kwananta ya ragu, wadda gida ya taru a kanta ta tsufa.

Saboda haka, mai karatu in ya ji ana ambaton yawan 'ya'ya, ya kamata ya tambaya wane ne ke ɗauke da nauyinsu, da me kuma aka taimake shi. Masu iya magana tuni suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya saka wa iyaye da alheri, amin.