Waiwaye: Wayar da Aka Biya da Wadda Ake Kan Biya

A watan Agusta na 2001 wayar salula ta fara aiki a Najeriya, bayan gwanjon lasisin da gwamnatin Obasanjo ta yi a watan Janairun shekarar, inda MTN da Econet kowannensu ya biya dala miliyan 285. Kafin nan layukan NITEL na ƙasar baki ɗaya ba su kai rabin miliyan ba. A nan unguwar Gobarau, cikin birnin Katsina, gidajen da ke da tarho ba su fi a ƙirga ba, kuma mai gidan da ke da shi ya zama ɗan aiken unguwa: a kira daga Kaduna, ya tura yaro ya kirawo wance, ta yafa mayafi ta zo ta zauna jiran a sake bugowa. Sauran jama'a kuwa sai wasiƙa ta hannun direba a tasha, ko a ɗauki murya a kaset a ba mai tafiya.

A farkon zuwan salula, layi kaɗai ya haura naira 20,000, alhali mafi ƙarancin albashin da dokar 2000 ta yanka naira 5,500 ne. Kira minti ɗaya naira 50, ko da gaisuwa kawai ka yi ka kashe, har sai da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Duk da wannan tsada mutane sun saya, kuma yadda suka saya ne ya sa na ɗauki alƙalami. Malamin firamare zai shiga adashi da abokan aikinsa, ya jira kwasarsa, ya hau mota zuwa Kano ko ya ba amintaccen ɗan kasuwa saƙo. Ranar da wayar ta shiga aljihunsa tasa ce, ba mai bin sa ko sisi. Tambayoyin da ake yi wa mai shago ma ba su da yawa. Batirinta kwana nawa yake yi? Tana kama sabis a ƙauye? In ta faɗi tana tashi? Nokia 3310 ta amsa su duka, daga baya 1100 mai tocila ta zo ta ƙara da haske a daren da babu wuta.

Sai 'yar Chana ta shigo da layi biyu da ƙara kamar rediyo. An yi mata dariya, amma ta warware matsala ta gaskiya, domin a lokacin layi ɗaya ba ya isar mutum: wannan ya fi sabis a gida, wancan ya fi araha da dare. Kamfanin Transsion, mai Tecno da itel da Infinix, a kan irin wannan lura da buƙatar talaka ya kafu har ya mamaye kasuwar Afirka. BlackBerry kuwa wani labari ne. Wajajen 2011 saurayin da ba shi da lambar fin ta BBM ji yake kamar ba a yi da shi, ga kuɗin wata da ake biya daban. A ganina lokacin ne muka fara zaɓen waya da idon mutane maimakon da aikin da za ta yi. An rufe BBM a 2019, kamfanin ya kashe hidimar tsofaffin wayoyinsa a Janairun 2022, amma tun kafin nan yayi ya riga ya wuce, an bar masu su da abin da ba mai saye.

Ba na cikin masu cewa babbar waya almubazzaranci ce ta yaran zamani. Wanda ya ga farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, ya san an wuce nan. Takardar naira ta ɓace, layi ya cika bakin bankuna, mai shayi da mai nama da mai kayan miya suka koma karɓar tiransifa, OPay da Moniepoint da PalmPay suka shiga bakin tsofaffin da ba su taɓa taka banki ba. Kafin wannan, a Satumban 2021, an katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, muka ga mutanen Batsari da Jibiya suna biyan kuɗin mota su shigo birni don kawai su buga waya ko su karɓi kuɗin da aka turo musu. Waya ta zama kayan sana'a. Abin takaicin shi ne ta zama dole a daidai lokacin da ta fi ƙarfin aljihu. Daga waje ake shigo da ita, da dala ake sayo ta. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 a Mayun 2023 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, sai kuma a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data.

A wannan giɓin, tsakanin dole da rashin hali, sayen waya biya kaɗan-kaɗan ya samu gindin zama.

Ɗiyar ƙanwata tela ce, a cikin gida take ɗinki. Kasuwarta duk a waya take: ta ɗinka, ta ɗauki hoto, ta ɗora a sitatus na WhatsApp, mata su gani su turo yadi da kuɗi. Ana saura 'yan makonni azumi wayarta ta daina ɗaukar caji. Ƙanenta ya zo da labarin wani shago da ake ba da sabuwa fil a kwali, ka ba da wani abu, sauran a hankali. Na raka su. Yaron da ya tarbe mu mai ladabi ne, ya jawo mini kujera, ya fito da wayar ya ɗora a kan gilashi tana sheƙi.

"Baba, abin ba wuya," in ji shi. "Kafin alƙalami kawai za ku bayar, da lambar NIN da BVN ɗinta, da lambobin mutum biyu da suka san ta. Yau ɗin nan za ta tafi da ita. Sauran kowane mako ne, kuɗin da bai kai ɗinkin atamfa biyu ba."

Na ce, "Madalla. To gaba ɗaya nawa ke nan?"

Ya maimaita mini kuɗin mako. Na ce na ji wannan, jimla nake tambaya, daga kafin alƙalami har biyan ƙarshe. Sai ya ɗauko tasa wayar ya shiga lissafi, ya juyo da fuskarta ya nuna mana. Abin da ya fito ya ɗara farashin kuɗi hannu da kusan rabi. Yarinyar ta dube ni, ta ce a hankali, "Kawu, ai wannan ƙarin ya sayi keken ɗinki na hannu." Na sake tambaya, in mako ya zo ba ta samu ba fa? Ya ce wayar za ta kulle kanta, ba kira, ba WhatsApp, sai shafin biya kawai zai buɗe, kuma akwai ɗan abin da ake ƙarawa na jinkiri.

Yaron nan bai yi mana ƙarya ko ɗaya ba. Duk abin da muka tambaya ya faɗa, shi ma abincinsa yake nema, a kan kowace waya da ya fitar ake sallamarsa. Amma an koya masa ya fara da ƙaramin adadi, kuma yawancin masu zuwa ba sa wuce nan. Mutumin da zai yi rabin sa'a yana ciniki a kan tiyar gero, shi ne zai sa hannu a kan bashin wata shida bai san jimlarsa ba, saboda an yanka masa shi ƙanana.

Makullin nan shi ya fi tsaya mini a rai. Manhaja ce da ake dasawa a cikin wayar tun kafin a miƙa maka, tana magana da kamfanin ta intanet, ranar biya ta wuce ta rufe fuskar. Daga ɓangaren mai ba da bashi dabara ce mai ma'ana, da ita ce ya iya ba wanda ba shi da jingina ko albashi. Amma a duba yaushe talaka ke kasa biya. Makon da yaro ya kwanta asibiti ne, ko makon da kasuwa ta mutu bayan salla. A makon ne kuma za a rufe abin da yake neman kuɗin da shi, tamkar a karɓe wa manomi fartanya a tsakiyar damina a ce sai ya biya za a mayar masa. Tela ba ta ganin saƙon masu kawo ɗinki, mai Keke Napep ba ya samun kiran fasinjansa na kullum, mai shago ba ya ganin alat.

Akwai kuma fuskar addini, wadda bai kamata a tsallake ta ba a unguwar da hasumiyarta ke tuna mana cewa garin nan ya yi ɗaruruwan shekaru yana karantar da fiƙihu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ajalinsa take. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta halatta a sayar da kaya bashi a kan farashin da ya fi na kuɗi hannu, muddin an yanke farashi ɗaya tun wurin ƙulla ciniki, ta kuma haramta ƙara wani abu a kan wanda ya yi jinkirin biya. Ke nan tsada kaɗai ba ita ce riba ba, tarar jinkiri ce abin tsoro. Sannan a wasu tsare-tsaren mai shago ba shi ke bin ka ba: wani kamfani ne ya ranta maka kuɗi ya biya shi, kai kuma ka mayar da ƙari. Wannan rance ne, hukuncinsa daban da na ciniki. Mai saye yana da haƙƙin ya san da wa ya ƙulla, kuma ya kai takardar wurin malaminsa kafin ya sa hannu.

Mu dai ba mu ɗauka ba a ranar. Mun kai tsohuwar wurin mai gyara, ya canja mata batir da bakin caji, ta lallaɓa har bayan salla. Ta roƙi uwar adashinsu a matso mata da kwasa, ta haɗa da kuɗin ɗinkin salla, ta sayi wadda ba ta kai waccan suna ba, kuɗi hannu.

Wurin zaɓen ma tsofaffin tambayoyin nan na zamanin Nokia su suka yi aiki, da 'yan ƙari. Batir dai har gobe shi ne gaba a garin da ake kai waya shagon caji. Kyamara kuwa ba mu bi adadin da aka rubuta a kwali ba. Ta zaro ƙyallen shadda daga jaka, ta ɗauki hotonsa a cikin shagon da kuma bakin ƙofa, ta duba ko launin ya fito yadda yake, domin mai kawo ɗinki da ta ga shuɗi a hoto aka kawo mata wani abu daban ba za ta dawo ba. Mun tambayi mai gyara, ba mai sayarwa ba, wace iri ce gilashinta ke samuwa a Katsina ba sai an aika Farm Centre a Kano ba, kuma nawa ne. Shi ne ma ya ja hankalinmu kan ram: wani kwalin za ka ga an rubuta 8, alhali 4 ne na gaske, sauran aro ne daga ma'ajiyar wayar. Batun 5G, wanda MTN ta fara a 2022 a wasu manyan birane, ba mu ƙara ko naira a kansa ba, ɗinki ba ya buƙatarsa.

Wayar da aka taɓa amfani da ita, wadda ake kira 'yar Landan, tana iya zama alheri, amma araha ba ta ado. A Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan wayoyin da Android ɗinsu bai kai 5 ba, kuma irin wannan yankewa ba ta ƙare ba, don haka tsohuwa sosai kwananta ƙirgagge ne. A danna *#06# a gwada lambar da ta fito da ta jikin kwali ko rasit. A tabbata mai ita ya cire asusunsa na Google ko iCloud a gabanka. Wayar sata kan kai mai saye ofishin 'yan sanda ko da da zuciya ɗaya ya saya. Yanzu kuma ga sabon tarko: wani ya ɗauki waya bashi, ya sayar da ita kafin ya gama biya, bayan mako guda ta kulle a hannun wanda bai ci ba bai sha ba.

Adalci ne in faɗi inda adashi ya gaza. Wanda ya fara tara kuɗin waya a tsakiyar 2023 ya kwashe a farkon 2024 ya tarar farashi ya tsere masa, wanda kuwa ya ɗauka bashi a kan tsayayyen farashi a lokacin shi ya ci riba. Kuma ba kowa ke da tsohuwar da za a gyara ba. Wanda aka ƙwace wa waya yau, gobe kuma da ita zai fita nema, ba za a ce masa ya jira wata huɗu ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauke shi ido rufe, ko a ɗauke shi don wayar da ta fi ƙarfin aikin da za ta yi. In wayar za ta biya kanta daga sana'a, kuma akwai inda za a ciro kuɗin mako biyu in ciniki ya tsaya, to a shiga da bismilla.

Tun 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta fara yi wa kamfanonin ba da rance ta waya rajista, bayan koke-koken yadda wasunsu ke tozarta mutane wurin 'yan uwa da abokai. Wannan daga Abuja ne. Abin da ya fi kusa da mu yana hannun shugabannin 'yan waya na Katsina, kuma ba ya buƙatar doka. Yarjejeniyar da ake sa wa mutane hannu da Turanci take, a kan fuskar waya, da ƙananan haruffa, ana tsaye ana jiran ka danna. Ina roƙonsu su wajabta wa kowane shago da ke ba da waya bashi ya miƙa wa mai saye takarda guda da Hausa, boko ko ajami, mai ɗauke da farashin kuɗi hannu, da jimlar abin da zai biya har ƙarshe, da sunan wanda ke bin sa, da abin da zai faru in ya makara da mako ɗaya. A bar shi ya tafi da ita gida ya kwana, ya nuna wa wanda ya yarda da shi, gobe ya dawo.