"Used To" Ba Ita Ce "Nakan" Ba



Kwanakin baya wata ƙanwarmu a harkar rubutu ta turo mini babi uku na labarinta in duba mata. Labarin ya yi daɗi, amma akwai wurin da na tsaya. Tauraron ɗan boko ne da ya dawo daga karatu a Ingila. Ya je zance, yana so ya nuna wa budurwarsa yadda ta shiga ransa, sai marubuciyar ta sa masa a baki: "I used to think about you every night." A ƙasa ta rubuta cewa budurwar ta sunkuyar da kai tana murmushi. Na ce mata, "Ƙanwata, in da yarinyar nan tana jin Turanci, tashi za ta yi ta shige gida." Abin da saurayin ya gaya mata shi ne a da yana tunaninta kowane dare, amma yanzu ya daina.

Abin da marubuciyar take nufi shi ne "nakan yi tunaninki kowane dare". Kuskuren ba nata ba ne ita kaɗai, ya cika littattafanmu na intanet, musamman yanzu da ake yayin cusa Turanci a bakin taurari. Ra'ayina shi ne, duk wanda zai sa Turanci a labarinsa to ya san abin da ya rubuta, in kuwa bai tabbatar ba, Hausarsa ta ishe shi.

Tushen matsalar yana cikin bambancin harsunan biyu. Mu muna da nakan, kakan, kikan, yakan, takan, mukan, kukan, sukan da akan. Waɗannan ɗabi'a kawai suke nunawa, ba ruwansu da lokaci. In na ce "nakan je Kasuwar Kurmi", mai sauraro zai ɗauka har yanzu ina zuwa. In ina so in mayar da maganar baya, sai na ƙara kalma: "a da nakan je Kasuwar Kurmi". Ita kuwa "used to" tana ɗauke da wannan "a da" ɗin a cikinta, ba a raba su. Duk inda ta zo kafin aikatau, abu biyu take faɗa: an yi ta yin abin, kuma an bari. Bature in zai faɗi ɗabi'arsa ta yanzu cewa zai yi "I go" ko "I usually go". Don haka abin da ya kamata saurayinmu ya ce shi ne "I think about you every night".

A zamanin Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, Turawa suna cewa "use to" don ɗabi'ar da ake kan yi. Daga baya wannan ya mutu a bakinsu, ya bar na lokacin da ya wuce kaɗai. Mu da harshenmu ya saba da "nakan", sai muka ga giɓi muka cike shi da abin da ya fi kusa.

Siga uku ne suke kama da juna a rubuce, kowace da ma'anarta.

Ta farko ita ce wadda muka gani. "I used to live in Zaria", wato da a Zariya nake zaune. In za a kore ta ko a yi tambaya, harafin d na ƙarshe yana faɗuwa: "I didn't use to like tea", da ba na son shayi. "Did you use to live in Zaria?", da can a Zariya kake zaune?

Ta biyu ita ce wadda am, is, are ko get ke zuwa kafinta. Wannan ita ce sabo. "I am used to the heat", na saba da zafin. "You will get used to it", za ki saba. Abin da ke biyo bayanta suna ne ko aikatau mai ing a ƙarshe: "She is used to waking early", ta saba tashi da wuri. Ku dubi tazarar da ke tsakanin "she used to wake early" da "she is used to waking early". Ta farko ta daina, ta biyu kuwa abin ya zame mata jiki. Amaryar da ta ce wa uwar mijinta ɗaya a maimakon ɗaya ta san ta ja wa kanta magana.

Ta uku ita ce ta amfani da abu. "This knife is used to cut meat", da wuƙar nan ake yanka nama. Ko a furuci ta bambanta, domin ita da sautin z ake faɗinta, biyun farko kuwa da sautin s.

Wannan ta uku ita ce ta fi yi wa Hausarmu ɓarna, don ta shigo mana ta bayan gida. Sau nawa kuka karanta "ya yi amfani da hannunsa wajen share mata hawaye", ko "ta yi amfani da ludayi wajen juya miya"? Kalmomin Hausa ne, amma ƙirar jimlar ta Turanci ce. Kakarka ba za ta taɓa faɗin haka ba. Cewa za ta yi ya sa hannu ya share mata hawaye, ta juya miya da ludayi. Jimlar ta fi gajarta, kuma mai karatu yana ganin hannun yana motsi.

Tunda mun taɓo sabo, ku riƙa kula da lanƙwasa. "Na saba da ita" daban, "na saɓa da ita" daban. Ɗaya shaƙuwa ce, ɗaya rigima. Wanda yake rubutu a waya bai sa ƙugiya a kan ɓ ba, ya bar mai karatu yana lalube.

Na san wani zai ce, ai haka mutane suke magana a Kano da Kaduna, "I use to go" ta zama ruwan dare, kuma aikin marubuci ne ya kwaikwayi bakin mutane. Na yarda da rabin maganar. In tauraronka ɗan sakandare ne mai son burge 'yan mata da guntun Turancinsa, sa masa ita a baki, za ta ma ƙara masa armashi, musamman in wani ya yi masa dariya a cikin labarin. A nan kai ka zaɓi kuskuren, kana sane. Amma in ka ce mana likita ce da ta shekara goma a Landan, sannan ta buɗe baki ta faɗi haka, mai karatun da ya sani zai daina yarda da ita, daga nan kuma ya daina yarda da kai.

Wasu suna gudu zuwa Turanci ne don suna ganin a can ake samun kalaman da ke taɓa zuciya. Gaskiya ne "we used to be friends" tana da ciwo. To amma ku saurari namu: "Da mu aminai ne." Ko uwa ta dubi ɗakin ɗanta da ya yi nisa ta ce, "Da a nan yake kwana." Wannan "da" ɗin mai jan wasali, harafi biyu kacal, tana ɗaukar duk nauyin da "used to" ke ɗauka. Ba a buƙatar a ƙara "amma yanzu", mai karatu ya riga ya ji.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya buɗe labarin da yake kan rubutawa ya nemo duk inda ya sa "used to" ko "use to", ya tambayi kansa: an daina ne, sabo ne, ko amfani da abu ne? Sannan ya nemo duk "yi amfani da" ya gwada cire ta ya ga ko jimlar za ta tsaya da ƙafarta. Ita ƙanwar tamu ta gyara nata. Saurayin yanzu cewa yake, "Ban taɓa kwanciya ban yi tunaninki ba," kuma murmushin budurwar ya samu dalili.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.